Jakin Benvinda

Shekara ashirin da shida a Porto
ina ce wa mutane: ɗaga haɓa,
cire gilashi, bar murmushi, kalli nan.
Fuska dubu nawa na yanke da almakashi,
aka manna a fasfo, suka wuce Faransa,
ni ina bayan labule ina furfura
har idona ya gaji da duban kowa.

Na rufe shago. Na naɗe kyamara
cikin tsohuwar rigar sanyi, sai ƙasan akwati.
Shekara tara ba ta ga rana ba,
ban kuma yi kewarta ba,
kamar ruɓaɓɓen haƙori bayan cirewa.

Rasuwar Baba ce ta mai da ni ƙauye,
can bayan duwatsu, dab da iyakar Sifaniya,
in sayar da gida, in biya bashi, in koma.
Akwatin ya biyo ni ne kawai
don na rasa wanda zan bar wa.

Kwana uku, sai ga Benvinda a ƙofa,
baƙin ɗankwali, hannu duk garin alkama.
"Kai ne ɗan Amândio, mai hoton nan?
Na sayar da jakina, Asabar za a zo ɗauka,
gwiwata ta daina bin sa gona.
Ɗaukar mini shi. Zan biya da ƙwai."
Na ce fim ya tsufa, hannu ya manta.
Ta ce, "Shi ma jakin ai ba yaro ba ne."
Wa ke ja da tsohuwa?

Muka tsaya gindin zaitun, bayan garka.
Na buɗe baki zan ce ɗaga haɓa,
ƙuda ya sauka, jaki ya kaɗa kai,
yatsana ya danna bai nemi shawarata ba.

Da dare na toshe taga da bargon Baba,
na wanke fim a ɗakin dankali
da ragowar maganin da ke akwati.
Na ɗaga shi gaban fitila.
Kan jakin ya zama hayaƙi, ba ido, ba kunne.
Amma ga hannunta a wuyansa sarai:
jijiyoyi, zoben da ya nutse cikin yatsa,
gari ya fito baƙi a bakin farce,
yatsu biyar cikin gashi, sun ƙi rabuwa.

Na daɗe a tsaye, ruwa na ɗiga kan takalmina.

Tun ranar nake riga zakara fita.
Raɓa ta daskare a ganyen kabeji.
Tururi na tashi daga bakin tumaki,
Fausto na bayansu, lema rataye a wuyan kwat,
rediyo na surutu cikin aljihu.
Wandon wani a igiya, sanyi ya sandarar da shi,
yana tsaye kamar mai jiran mota.
Mata uku a bakin tanda suna musun gishiri,
burodi na ƙonewa.

Rabin abin da na ɗauka shirme ne.
Kare ya gitta, rana ta ɓuya,
ƙararrawar coci ta kori tattabaru kafin in shirya.
Sai in ji kaina ina dariya ni kaɗai a kan hanya.

Ran Asabar mota ta zo, ta tafi.
Benvinda ba ta fito ba.
Na ɗauki igiyar da ta rage a ƙusa,
wannan ban nuna mata ba.

Da aka buga hoton a Bragança na kai mata.
Ta nisanta shi, ta kusanta, ta ce,
"Ina kansa? Ka cinye masa kai!"
Ƙwai goma muka yi, ta ƙirga mini shida.
Amma da na waiwaya ta taga
na ga ta jingina shi kusa da hoton mijinta,
tana goge shi da bakin zane, tana sake gogewa.

Jiya dillali ya kira, wai mai saye ya matsu.
Na ce ya bari a kaɗe zaitun tukuna.
Saura ɗauka uku a wannan fim ɗin,
ga hazo can ya kwanta cikin kwari,
ga Fausto ya buɗe wa tumaki,
ni kuwa har yanzu ina neman takalmi ɗaya.